Kada ka ajiye wuƙarka cikin kube

'Yan'uwa masu tara wuƙaƙen farauta, ga shawara: in za ka ajiye wuƙa ta daɗe, zare ta daga kuben fata.

Goge ta ta bushe sarai, ka shafa mata ɗigo biyu na man keken ɗinki, ka naɗe ta a busasshen ƙyalle. Kuben ka ajiye shi gefe.

Dalili kuwa, fata tana shan danshi ta riƙe, musamman da damina. Ga kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita, tana baƙanta ƙarfe. Ni da kaina na bar wata ƙirar maƙera wata 3 a kube, na zaro ta duk tsatsa har bakin kaifi. Abin ya yi min ciwo sosai, don ta mahaifina ce.

Kada ka sa man gyaɗa, daɗewa yake ya yi danƙo da wari.

In tsatsa ta riga ta ci rami, mai ba zai gyara ba, sai an wasa. Kuma in za ka yi fiɗa ko yanka nama, wanke man nan da sabulu tukuna.