Turbo ko supercharger: yadda za ka zaɓa kafin ka taɓa injinka

Duk biyun aikinsu ɗaya ne, su cusa wa inji iska fiye da wadda yake iya zuƙa da kansa, iska ta ƙaru sai a ƙara fetur, ƙarfi ya tashi. Inda suka rabu shi ne abin da ke juya su. Turbo hayaƙin da ke fita ta salansa ne ke juya fankarsa, har ya kan wuce juyi 150,000 a minti ɗaya. Shi kuwa supercharger bel ne ke jan sa kai tsaye daga inji, wato sai ya ci wani ƙarfin kafin ya ba ka nasa.

To da farko ka tambayi kanka yaya kake tuƙi. In kana son kana taka totur motar ta zabura nan take, supercharger ne naka, musamman irin Roots ko mai sukurori biyu. Duk wanda ya taɓa tuƙa Mercedes C200 Kompressor ya san wannan amsawar, kuma supercharger aka ɗora wa Dodge Hellcat mai injin lita 6.2 har ta ba da ƙarfin doki 707 a 2015. Turbo kuwa yana ɗan jinkiri, ka taka sai ka ji shiru kaɗan kafin hayaƙi ya taru ya juya shi, daga nan sai ka ji kujera ta manne maka a baya. Amma a ƙaramin inji mai silinda huɗu ni wallahi turbo zan ce maka, don ya fi fitar da ƙarfi kuma ba ya shan mai kamar ɗan uwansa in kana tafiya a hankali.

Kafin ka sayi komai ka kai wa makaniki ya auna matsin kowace silinda. Injin da ke shan baƙin mai ko yake fitar da shuɗin hayaƙi kar ma ka fara, gaskit ne zai ƙone ko fistin ya fashe. In kayan cikin injin na kamfani ne ba a canza ba, ka tsayar da ƙarin matsin iskar tsakanin psi 6 zuwa 8 (psi ma'aunin matsi ne), ya isa, don matsin iskar duniya ma kanta psi 14.7 ne, ka ga kusan rabi ka ƙara.

Sai maganar zafi, nan ne mutane suka fi yin sakaci. Iskar da aka matse zafi take yi, ga rana a Kano ko Sakkwato tana haura digiri 40 a watan Afrilu, ga fetur ɗinmu ba mai yawan octane (ma'aunin jure matsi na fetur) ba ne, in suka haɗu sai ka fara jin inji yana ƙas-ƙas kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, wannan ƙarar fetur ne ke fashewa ba bisa lokaci ba kuma ita ke cinye fistin. Dole ka saka intercooler mai kyau, wato na'urar sanyaya iskar da aka matse, ka duba lagireto, ka canza nozul da famfon mai zuwa manya, sannan a sake saita birenbos ta hannun wanda ya iya da kwamfuta. Kuloci da birki ma a lissafa su cikin kuɗin.

Wajen ɗaurawa supercharger ya fi sauƙi, turbo sai an canza bututun hayaƙi an ja masa layin baƙin mai. In ka zaɓi turbo ka riƙa zuba baƙin mai na sintetik kana canzawa a kan lokaci, kuma bayan doguwar tafiya ka bar motar a kunne kamar minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, don baƙin mai ya sanyaya turbon. Lokacin hunturu kuma matatar iska ka riƙa buɗe ta akai-akai, ƙura tana cin bakin fankar turbo.