Yadda Ake Ɗaukar Matashin Koci Gwanin Kai Hari a Gasar NFL

A watan Janairun 2017 ƙungiyar Los Angeles Rams, wadda ke buga NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, ta damƙa ragamarta ga Sean McVay yana ɗan shekara 30. Kafin zuwansa wasa 4 kawai suka ci cikin 16, a kakarsa ta farko suka ci 11. Tun daga nan masu ƙungiyoyin ƙwallon Amurka suka shiga farautar irinsa, wasu suka dace, wasu suka yi asarar shekaru. Idan kai ne shugaban ƙungiyar da aka ɗora wa wannan nauyi, ga yadda ya kamata ka bi.

Mataki na farko, ka san dalilin da ya sa kake neman gwanin kai hari. A wannan wasa komai yana rataye ne a wuyan kwatabak, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari. Idan babban kocinka masanin tsaron baya ne, dole ya ɗauko wani ya tsara masa hari, kuma ranar da wannan mataimaki ya yi fice wata ƙungiya za ta ɗauke shi. Haka ya faru da Atlanta Falcons. Kyle Shanahan ya tsara musu harin da ya kai su Super Bowl, wato wasan ƙarshe na cin kofin gasar, a kakar 2016, kwatabak ɗinsu Matt Ryan ya zama gwarzon gasar, sai San Francisco 49ers ta ɗauke Shanahan ya zama babban kocinta. Amma idan mai tsara harin shi ne shugaban, kwatabak ɗinka zai daɗe yana jin murya ɗaya da tsari ɗaya.

Na biyu, ka kiyaye ƙa'ida. Dokar Rooney, wadda aka kafa a 2003, ta wajabta wa ƙungiya ta tattauna da 'yan takara daga tsirarun jinsi, irin su baƙaƙen fata, kafin ta naɗa babban koci. Kada ka yi ta don cika umarni kawai bayan ka riga ka yanke shawara a zuciyarka.

Na uku shi ne inda aka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan daɗe a kai. Ka binciko ainihin aikin da ɗan takarar ya yi da hannunsa. Zama kusa da gwani ba ya mayar da mutum gwani. Nathaniel Hackett ya zo Denver Broncos a 2022 daga Green Bay Packers, inda harin ya yi kyau ƙwarai, amma a can babban koci Matt LaFleur ne ke zaɓar dabarun da za a buga a lokacin wasa, Aaron Rodgers kuma na jifa. Tun wasan farko da Seattle aka ga Hackett na fama da lissafin lokaci, kuma ba a bari ya kai ƙarshen kakar ba, aka sallame shi bayan wasa 15. Kliff Kingsbury ma Jami'ar Texas Tech ce ta sallame shi saboda wasannin da ya sha kashi sun fi waɗanda ya ci, duk da haka Arizona Cardinals ta ba shi aiki a 2019 don sunan da ya yi wajen kai hari. Bayan kaka huɗu suka rabu.

To me za ka tambaye shi a zaman tattaunawa? Ka kunna masa bidiyon kwatabak ɗinka, ya nuna maka abin da zai gyara da abin da zai bari. McVay ya tarar da kwatabak Jared Goff wanda bai ci wasa ko ɗaya ba a kakarsa ta farko. Sai ya riƙa sa 'yan wasa su yi layi da wuri, domin na'urar da koci ke magana da kwatabak ta cikin hular kwano ana katse ta idan saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin da ya rage kafin a fara kowane hari. Kafin a katse, ya riga ya ga yadda abokan hamayya suka jeru, ya faɗa wa Goff. Irin wannan tunani kake nema. Sannan ka tambayi tsofaffin 'yan wasansa, ba wakilinsa ba, ko zai iya tsayawa gaban maza 53, wasunsu sun girme shi, su saurare shi ranar da aka sha kashi uku a jere.

Na huɗu, ka nemi sunayen mataimakan da zai zo da su, musamman mai kula da tsaron baya. A ganina nan ake gane matashin da ya san kansa. McVay ya ɗauko Wade Phillips, dattijon da ya kusa shekara 70 kuma ya taɓa zama babban koci, ya sakar masa tsaron. Wanda ya kawo maka jerin abokansa sa'o'insa kaɗai, ka yi hattara da shi.

Na ƙarshe, ka ba shi kwantiragi mai tsawo, ka kuma haɗa shi da manajan da za su yi tafiya tare. San Francisco ta ba Shanahan da babban manaja John Lynch shekara shida-shida a 2017. Shanahan ya ci wasa 6 a kakar farko, 4 a ta biyu, a ta uku ya ci 13 ya kai Super Bowl. Zac Taylor, tsohon mataimakin McVay, wasa 2 kacal ya ci a shekararsa ta farko a Cincinnati Bengals a 2019, ba su kore shi ba. A Fabrairun 2022 shi ne ya fuskanci maigidansa a wasan ƙarshe, Rams ta yi nasara da maki 23 da 20.