Kurakuran da masu ɗora murya a gida ke yi wajen siyan maik da saun kad

Kusan duk sati sai wani ya turo min hoton maik yana tambaya, Oga wannan zai yi? Wani karatun littafi yake yi a YouTube, wani jingil yake so ya riƙa haɗa wa 'yan kasuwa, wani kuma fassarar fim ya sa a gaba. Ni kuma abin da nake fara mayar musu shi ne, a wane ɗaki za ka yi rikodin ɗin? Da yawa sai su yi shiru, don ba su taɓa kawo wa ransu cewa ɗakin yana da ruwa a maganar ba, alhali shi ne ya kamata ya zaɓa maka maik tun kafin ka leƙa aljihu.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne siyan abin da suka gani a gaban wani a bidiyo. Ka ga Bature a situdiyo da Neumann U87 ko TLM 103, murya kamar zuma, sai ka ɗauka maik ɗin ne kaɗai ya yi aikin. Waɗannan nau'in maik ne da ake kira kondensa, fatar da ke cikinsu siririya ce ƙwarai, motsin iska kaɗan take ɗauka, shi ya sa suke fito da duk wani ɗan daɗi da ke cikin murya. To amma kunnen da ya ji daɗin muryarka shi ne zai ji fanka, da janareton maƙwabci, da hon ɗin adaidaita, da akuyar da ke bayan katanga, da amsa-kuwwar ɗakin da aka shimfiɗa wa tayil aka bar bango fayau. Shi wancan Baturen ɗakinsa an kashe masa kuɗin da ya ninka na maik ɗin, kai ba ka ga wannan ba a bidiyo. Na taɓa zuwa gidan wani ɗan uwa da ya yi wata da watanni yana tara kuɗi ya sayi kondensa mai kyau, ya kunna min abin da ya ɗauka, wallahi sai ka ce a cikin rijiya yake magana, kuma har ya fara zargin an sayar masa da jabu. Maik ɗin lafiyarsa ƙalau.

Idan ɗakinka irin na yawancinmu ne, ka fara duba dainamik, wato nau'in maik ɗin da bai kai kondensa saurin ɗaukar sauti ba. Shure SM58 da ake riƙewa a wajen wa'azi da biki tun 1966 yake kasuwa, kuma yana yin aikin murya fiye da yadda ake zato. Akwai Rode PodMic, akwai Samson Q2U da ke da kan USB da na XLR (kan kebul ɗin maik mai ƙafa uku) gaba ɗaya, ka fara da USB yau, gobe in ka samu saun kad, wato na'urar da ke haɗa maik da kwamfuta, ka koma XLR ba tare da ka sake siyan wani ba. Amma a gane dalilin: dainamik an yi shi ne don a matso kusa da shi sosai, kuma duk lokacin da ka rage nisan bakinka da maik da rabi, muryarka na ƙaruwa da kusan dB 6 a kan hayaniyar ɗakin (dB shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Matsowar ce take ceton ka. In ka sayi dainamik ka ajiye shi can nesa a ƙarshen tebur ka murɗe gein, wato maɓallin ƙara ƙarfin sautin maik, duk abin da ka gudu zai dawo.

Daga nan sai kuskure na biyu, wanda kusan duk mai siyan dainamik ke faɗawa. Mutum ya ji an ce Shure SM7B shi ne sarki, ya zuba kuɗi ya saya, ya jona shi da ƙaramin saun kad ɗin da yake da shi, sai ya ji murya can ƙasa-ƙasa, ya murɗe gein har ƙarshe, sai ga wani sssss kamar ana yayyafi a kan kwano. Abin da ke faruwa shi ne sautin da ke fitowa daga maik ɗan mitsitsi ne, akwai na'urar da ke cikin saun kad mai ɗaga shi, ita ake kira firi'am, kuma kowace tana da iyakar da za ta ɗaga kafin nata surutun ya fara fitowa. SM7B yana son wajen dB 60 na gein mai tsafta in magana ce ta yau da kullum. Focusrite Scarlett zubi na uku yana tsayawa a dB 56, zubi na huɗu na 2i2 da ya fito a 2023 ya kai 69. Ka ga ke nan suna ɗaya, launi ɗaya ja, amma ɗaya zai wadatar ɗaya kuma yana kan gaɓa. Shi ya sa nake cewa kar ka taɓa siyan maik shi kaɗai, ka saye shi da abokin tafiyarsa a rai, ka buɗe takardar bayanin saun kad ɗin ka ga lambar gein ɗinsa da idonka.

In ka riga ka saya fa? Akwai ɗan ƙarin da ake sawa a tsakani, Cloudlifter yana ƙara kusan dB 25, FetHead kusan 27, dukansu da wutar 48V da saun kad ke tura wa maik ta kebul suke aiki, sai ka danna maɓallinta. Amma kar ka saya wa kondensa Cloudlifter, don shi cinye wutar yake ba ya miƙa ta gaba, kondensa kuma ba ya magana sai da ita. Na ga wanda ya yi haka ya zauna yana duba kebul yini guda. Kuma kafin ka kashe ko sisi, gwada matsowa, yatsa biyu ko uku tsakaninka da maik, sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Sai maganar BM-800 da saun kad ɗin V8, wanda ake haɗawa a kwali ɗaya har da ƙarfen riƙewa. Ba na raina wanda ya fara da shi, da yawa da shi suka fara, kuma na laif a TikTok yana yi. Amma aikin da za ka miƙa wa mai talla ya biya ka, a'a. V8 an yi shi ne don waƙa da nishaɗi, eko (amsa-kuwwar da na'ura ke ƙarawa) da sauran kwalliya sun cika shi, kuma kebul ɗinsa mai ƙaramin kai irin na hedifon ba ya kare sauti daga hayaniyar wuta kamar yadda XLR zuwa XLR ke yi. Eko in ya shiga rikodin ya shiga ke nan, da wuya edita ya iya cire shi tas. Mai ba ka aiki busasshiyar murya yake so, shi zai sa abin da zai sa.

In ɗakinka shiru ne da gaske kuma kondensa kake so, akwai lamba ɗaya da mutane ba sa dubawa, wato surutun da maik ɗin ke yi da kansa ko babu mai magana. Audio-Technica AT2020 nasa dB 20 ne, Rode NT1 kuma bai wuce 5 ba. A waƙa mai kiɗa ba za ka ji bambancin ba, amma mai karanta labari a hankali, mai tsayawa tsakanin jimla da jimla, a nan wurin shirun ne ake jin sa.

Akwai kuma masu ɗan hali da ke tsallakewa su tafi neman firi'am na waje, sun ji ana yabon Neve 1073 ko Avalon, wai yana sa murya ta yi ɗumi. Gaskiya ne kayan kirki ne, amma bambancin da za su kawo maka ƙanƙani ne in aka kwatanta da abin da katifa biyu da bargo za su yi. Ni dai shawarata kullum, kuɗin nan ka zuba shi a ɗaki. Ka shimfiɗa kafet, ka sa labule mai kauri, ka jingina katifa a bayanka don gaban maik ɗin nan yake kallo kuma abin da ya dawo daga bangon bayanka shi yake ɗauka, ko ka buɗe wadrob mai cike da kaya ka yi magana kana fuskantarsa. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango, don Allah a daina, ba shi da kaurin da zai shanye komai sai ɗan sama-sama, ga haɗarin gobara ga kyankyaso. Kuma a rarrabe abu biyu: kashe amsa-kuwwa daban, hana ƙarar waje shigowa daban. Bargo yana yin na farko, na biyun sai bango mai nauyi da toshe kafar ƙofa da taga, ko kuma ka zaɓi lokaci. Ni mafi yawan aikina tsakanin sha ɗayan dare da kiran assalatu nake yi, fanka a kashe, a sha zufa na minti ashirin a huta.

Wani kuskuren da ke ba ni tausayi, don gyaransa kyauta ne, shi ne magana ta inda ba nan ne bakin maik ba. NT1 da AT2020 da Blue Yeti duk ta gefe suke ji, ɓangaren da tambari ko ɗigon yake, amma sai ka ga an karkato kan maik ɗin ana magana a samansa kamar SM58. Muryar sai ta fito siririya da nisa. SM7B da PodMic su ne ake magana ta kai. Nisa kuma ga kondensa kamar taƙi ɗaya, in ka matso da yawa murya na yin kauri har ta koma gunji. Mu masu Hausa muna da ƙarin matsala, don "f" ɗinmu da leɓe biyu muke yin ta, iska ce tsagwaronta take fita, ka ce "fitila" ko "faifai" a gaban maik ka ji yadda yake bugawa, ga "ƙ" da "ts" masu fita da ƙarfi. Rariyar nan da ake sawa a gaba, fof filta, dole ce, sannan ka ɗan kauda maik ɗin gefe kaɗan yadda iskar za ta wuce ta gefensa.

Gein kuma kar a cika shi. Mutane na son ganin layin ya cika allo, su ɗauka hakan ne ƙarfi. In fitilar gein ta yi ja sauti ya fashe, kuma fasasshe da wuya ya gyaru tas. Ka sa rikodin a bit 24, 48 kHz in na bidiyo ne, ka karanta jimlar da za ka fi ɗaga murya a cikinta, ka daidaita ta tsaya tsakanin -12 da -6 dB a mitar sauti. Ƙarawa daga baya abu ne mai sauƙi. Don ka san inda ake auna aikin: ACX da ke karɓar littattafan sauti na Audible suna so shirun ɗakinka kar ya haura -60 dB, ƙololuwa kar ta wuce -3. Ko ba can za ka kai aikinka ba, ka ɗauki sakan talatin ba ka ce komai ba ka duba mita, za ka san matsayinka.

Sai wuta, wadda ita masu bidiyon ƙasar waje ba sa ma ambatonta sosai don ba damuwarsu ba ce. In kana jin wani mmmm a ƙasan muryarka, yawanci wutar gida ce mai 50 Hz ta shigo, gidaje da yawa ba su da at mai kyau, wato wayar wutar da ake binnewa a ƙasa, ga cajar laftop ta kasuwa, ga janareto. Gwajin ba wuya, zare caja ka bar laftop a kan batir, in ƙarar ta ɗauke ka gano ɓarawon. Ka raba kebul ɗin maik da na wuta kar su kwanta tare, waya kuma a sa ta a yanayin jirgi ko a fitar da ita. In saun kad ko maik ɗinka na da maɓallin yanke ƙasa wajen 80 Hz, danna shi. Wutar 48V kuma sai ka gama jona kebul sannan ka kunna, in za ka zare ka fara kashewa, ka rage hedifon kafin nan saboda kunnenka.

Jabu kuma ya yi yawa, musamman SM58 da SM7B, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya. In farashi ya yi araha fiye da hankali ka ja baya. In da hali ka je da laftop da saun kad da hedifon ɗinka, ka ɗauki muryarka a wurin, ko ka roƙi mai situdiyo da ka sani ya bar ka ka gwada nasa na awa ɗaya, don maik ɗin da ya dace da mai babbar murya ba lalle ya dace da mai siririya ba, mata musamman wasu kondensa masu arha suna sa "s" ɗinsu ta yi kaifi har ta soki kunne.

In ka samu naka kuma ka kula da shi. Ƙurar hunturu tana manne wa fatar kondensa, danshin damina kuma yana sa shi ƙara kamar ana suya. Kana gamawa ka rufe shi da jakarsa ko ka mayar da shi akwati, ka jefa 'yan ƙullin silika ɗin nan da ke zuwa a kwalin takalmi, kuma kar ka riƙa hura masa iska ko ka buga shi da yatsa don gwaji, magana kawai za ka yi.