Yadda za ka zaɓi amfilifaya mai sauƙin kuɗi da sauƙin ɗauka don jitar katako

Daren da na fara kaɗa jita a gaban mutum kamar arba'in, aron amfilifayar jitar lantarki, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, na yi a wurin wani abokina. Na jona waya, na ja tsirkiya, sai sautin ya fito a toshe kamar an kifa wa jitar bokiti. Zaƙin nan da ake ji idan farce ya taɓa siririyar tsirkiya ya ɓace ɓat. Na ƙara murya don in cike giɓin, sai ƙugi ya tashi, na ga mutanen sahun gaba suna kai hannu kunne. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don na shafe makonni ina shirya waƙoƙin nan.

Amfilifayar ba ta da laifi, aikin da aka ba ta ne ba nata ba. An ƙera ta ne don ta rina sautin jitar lantarki, kuma lasifikarta ba ta fitar da abin kirki sama da wajen 5,000 Hz (Hz ma'aunin kauri da sirancin sauti ne: lambar na hawa, sautin na ƙara siranta). Ita kuwa jitar katako muryarta a jikinta take. Abin da kake nema shi ne na'urar da za ta ɗauki muryar nan yadda Allah ya yi ta, ta kai ta kunnen wanda ke zaune a can baya. Shi ya sa mafi yawan amfilifayoyin jitar katako suke da wata 'yar ƙaramar lasifika ta biyu, wadda ake kira tuwita, mai fitar da siraran sautuka.

Kafin ka taɓa aljihunka, juya jitarka ka duba abin da ke ɗaukar sautinta, wato fikof. A nan mutane da yawa suke asarar kuɗi. Yawancin jitocin da ke zuwa da ramin jona waya suna da fikof irin na fizo, wani siririn abu da ke kwance ƙarƙashin jakin da tsirkiyoyi ke hawa. Idan jitar tana cin batir mai bolt 9, kuma akwai 'yan maɓallan ƙara da rage murya a gefenta, to ka huta, kusan duk inda ka jona ta za ta yi magana. Idan kuma babu batir, kamar K&K Pure Mini da ake mannawa a cikin ƙoƙon jita, fikof ɗin yana son mashiga mai juriya babba, wajen om miliyan 1. Ka jona fizo marar batir kai tsaye a mashigar layi ta miksa, wato na'urar da ke haɗa sautuka ta tura wa lasifika, sai kaurin sautin ya zube, ya bar ka da ƙaran-ƙaran kamar ana kaɗa gwangwani. Na ga wanda ya sayar da amfilifaya lafiyayya saboda wannan, alhali ɗan akwatin da ake sa wa tsakanin jita da na'ura, wanda ake kira DI, kawai yake buƙata. L.R. Baggs Para Acoustic DI shi ne sananne a wannan aiki, Behringer ADI21 kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba, yana kuma fid da mutum kunya.

Jitar da ba ta da fikof sam, ba dole sai an huda ta ba. Akwai na maganaɗisu da ake maƙalawa a bakin ramin jita, sai dai tsirkiyar ƙarfe kaɗai yake ji, ba ya jin ta nailan. Ko kuma ka kafa makirfo irin Shure SM57 kamar taƙi ɗaya daga jitar, ya kalli inda wuya ya haɗu da ƙoƙo. Kada ka saita shi a bakin rami, gurnani kawai zai kwaso.

Sai maganar wat, wadda masu sayarwa suka fi ɗaga murya a kanta. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), ɗan bambanci ne da kunne ke ji amma ba ya girgiza kowa. Kafin kunne ya ce sauti ya ninka, sai ka ninka wat kusan sau goma. Don haka mai wat 100 ba ta yi wa mai wat 60 nisan da lambar ke nunawa ba. A abin da na gani da idona, ɗaki mai mutum talatin zuwa sittin da suka zo saurare, wat 30 zuwa 60 ya wadatar. Fili ne mai cin sauti: babu bangon da zai dawo maka da shi, kuma duk lokacin da nisa ya ninka, sauti yana raguwa da kusan desibel 6. In akwai mai ganga a ƙungiyar, lissafin ya canza gaba ɗaya, wannan kuma wani zance ne daban.

In kana waƙa, ko da gaisuwa kawai kake yi wa jama'a tsakanin waƙoƙi, kada ka sayi mai mashiga ɗaya. Nemi mai biyu, ɗaya ta jita, ɗaya ta makirfo mai ramuka uku da ake kira XLR, kowacce da abin murɗa muryarta. Makirfo irin SM58, wanda ake ta amfani da shi tun 1966, ba ya neman wuta. Irin kwandensa kuwa yana son a tura masa wuta ta cikin waya, galibi bolt 48, kuma ba kowace ƙaramar amfilifaya ke da wannan ba. Duba kafin ka biya.

Nauyi kuma ni ma'aunina ɗaya ne: jita a baya, amfilifaya a hannun dama, jakar wayoyi da sandar makirfo a hagu, sawu ɗaya. Duk abin da ya haura kilo 10 sai ka ga ranar ƙaramin taro ka fara neman dalilin barin sa a gida. Fishman Loudbox Mini, mai wat 60 da mashiga biyu, tana dab da wannan iyaka, kuma ita nake fara ambata wa duk wanda ya tambaye ni. Roland AC-33 ba ta kai kilo 5 ba. AER Compact 60 ta Jamus sautinta abin so ne, amma kuɗinta ya fitar da ita daga wannan hira.

Batir yana da daɗi, sai dai ka tambayi kanka tsakani da Allah sau nawa kake wasa inda babu soket. AC-33 tana ba da wat 30 a wuta, ta sauko zuwa 20 a kan batir AA guda takwas. Cube Street EX ita ma AA takwas take ci, tana kaiwa wat 50, amma in ka sa ta a cikakken ƙarfi batir ba ya daɗewa. Bose S1 Pro, da ta fito a 2018, batirin caji gare ta. Ni na fi natsuwa da AA masu caji, don in sun mutu a tsakiyar wasa minti biyu ya isa in zuba wasu.

Akwai kuma wata hanya: lasifikar taro mai inci 8 wadda amfilifayarta ke cikinta, da ɗan ƙaramin miksa. In ku biyu ne ko uku, wannan ya fi. In kuma wurin da kake zuwa yana da kayan sautinsa, ɗan akwatin DI da waya sun ishe ka. Saboda irin wannan rana, ka tabbata amfilifayar da za ka saya tana da mafitar XLR a baya, sai ka tura sauti zuwa manyan lasifiku, taka ta zama ta jin kanka.

Inda ka ajiye ta ya fi wat ashirin na ƙari amfani, kuma kyauta ne. Amfilifaya a ƙasa gwiwoyin sahun gaba take yi wa kiɗa, jikin mutane yana shanye siraran sautuka, na baya sai gurnani. Ɗora ta kan kujera ko tebur. In tana da ramin sanda mai milimita 35 a ƙasanta, ɗaga ta ta wuce kan mazauna. Ka ajiye ta a gefenka, ta ɓangaren wuyan jita, kada bakinta ya kalli fuskar jitar ko makirfo.

Dalilin shi ne ƙugin nan da ya kunyata ni. Iskar da ke cikin ƙoƙon jita tana amsawa a wajen 100 Hz, allon fuskarta kuma a wajen 200 Hz. Sauti ya fito daga lasifika, ya girgiza allon, fikof ya ɗauka ya mayar wa lasifika, haka abin zai yi ta zagayawa yana kumbura. In ya fara, ɗora tafin hannunka a fuskar jitar, za ka ji katakon yana rawa ƙarƙashin yatsunka kamar maƙogwaron mage, kuma kana dannawa ƙugin zai lafa. Maganinsa bi da bi ne. Fara danna maɓallin da aka rubuta wa Phase, sau da yawa shi ke nan. In bai yi ba, bar ƙugin ya ɗan taso, ka murɗa na Notch ko Anti-Feedback sannu a hankali har ka ji ya nutse, ka tsaya nan. Sannan ka ɗan rage bes, wato kaurin sauti. Akwai kuma murfin roba da ake toshe ramin jita da shi, ba ya barin jakata.

Ranar saye, tafi da jitarka da wayarka, kada ka yarda da ta gwaji. Sa bes da tirebul (na siraran sautuka) a tsakiya, kashe eko, wato amsa-kuwwa, ƙurmus, don eko yana rufa wa mummunan sauti asiri. Miƙa wa wani jitar ya kaɗa, kai kuma ka ja da baya taku goma ka saurara, nan ne masu sauraronka za su zauna. Ɗaga murya ba tare da an taɓa tsirkiya ba, ka ji yawan shuuu ɗin da take yi. Amfilifaya ta hannu ba abin gudu ba ce, tawa ta farko da na saya ta hannu ce kuma ta yi mini shekaru. Sai dai ka murɗa kowane maɓalli ka ji ko yana ƙarar-ƙarar, ka girgiza waya a bakin mashiga, ka bugi tsirkiya mafi kauri, mai 82 Hz, da ƙarfi ka ji ko lasifikar tana kakkarwa. Bar ta a kunne minti goma sha biyar, wata cutar sai na'ura ta ɗumama take fitowa.

Ka rage wani abu cikin kuɗin don wayar jita biyu masu kyau, kowacce kada ta wuce mita 6, don doguwa tana kwasar hayaniya, da fikof marar batir kuma tana cin siraran sautuka. Ka jefa batir mai bolt 9 guda ɗaya a aljihun jakar jita. Kuma duk sanda ka ajiye jitar, ko hutun rabin sa'a ne, zare wayar daga jikinta, don a yawancin jitoci shigar wayar nan ce makunnin, muddin tana ciki batir yana ci.