Ga Masu Tafiya Karatu Ingila: Yadda Bature Yake Yin Hannunka-Mai-Sanda

Duk shekara idan watan Satumba ya gabato, akan ga malamai da ɗalibai daga harabobin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ke Samaru da Kongo suna haɗa kaya zuwa jami'o'in Ingila, wasu da tallafin PTDF, wato asusun gwamnati na bunƙasa fasahar man fetur, wasu kuma da guminsu. Turancin yawancinsu ba shi da makusa a rubuce, amma abin da ya fi ba sabon zuwa wahala shi ne gane maganar da aka nufa ba tare da an furta ta ba. Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, domin wanda ya tashi cikin habaici da shaguɓe da gugar zana ya san cewa magana tana da ciki. Matsalar ita ce mun je da zaton Bature ba ya kwana-kwana, alhali mutumin Ingila gwanin sakaya zance ne.

Aikatau da ake amfani da shi wajen bayyana wannan hali shi ne "imply", wato mutum ya nufi wani abu ba tare da ya fito fili ya faɗe shi ba. Aikin mai magana ne. Shi kuwa mai sauraro, idan ya tsinci manufar daga cikin zancen, abin da ya yi shi ne "infer". Turawan kansu sukan gauraya su a hira, amma mai duba kundin digiri ba zai bar shi ya wuce ba. Kalmar "imply" ba ta ɗauke da zargi a karan kanta, sai dai idan aka tambaye ka "What are you implying?", to ka sani ran mai tambayar ya fara ɓaci, kuma abin da ya kamata shi ne ka warware manufarka nan take. Wadda ta fi ta zafi ita ce "insinuate", domin kusan kullum tana nufin jefa wa mutum zargi a fakaice, daidai da gugar zana. Kada ka rubuta wa shugaban sashe cewa ya yi "insinuating" wani abu, sai in ka shirya wa rigima. "Hint" kuwa mai sauƙi ce, ita ce hannunka-mai-sanda.

Inda aka fi yin tuntuɓe, a ganina, shi ne kan "suggest". A ƙamus shawara ce, wadda mutum yake da damar ɗauka ko bari. A bakin malamin da yake duba bincikenka kuwa, "I would suggest you rewrite this chapter" umarni ne da aka lulluɓe da ladabi, haka ma "you might want to look at this again". Ɗalibin da ya saba da malamin da zai ja jan biro a kan shafi ya ce a sake, yana iya fita daga ofis da murna cewa gyaran bai zama dole ba, sai bayan wata guda ya tarar an yi masa kallon mai taurin kai. Maganin abin shi ne ka aika da gajeren saƙon imel bayan kowace ganawa, ka jera abin da ka fahimta ana so ka yi, ka nemi a tabbatar maka. Ba a ɗaukar wannan rashin kunya a can. Ta fuskar nahawu kuma, ba a cewa "suggest me to go". Sai dai "suggest that I go" ko "suggest going".

Masanin falsafa ɗan Ingila Paul Grice ya yi bayanin wannan hali na sakaya zance a laccocin da ya gabatar a Jami'ar Harvard a 1967. Ya kawo misalin malamin da aka nemi ya rubuta takardar shaida ga ɗalibinsa mai neman aikin koyar da falsafa, sai ya yaba Turancinsa da yawan halartar darasi, ya tsaya nan. Bai kushe shi ba, amma duk wanda ya karanta ya gane cewa ɗalibin ba shi da kataɓus a fannin. Saboda haka idan an yaba maka tsarin shafi da yawan littattafan da ka duba, ba a ce komai kan hujjarka ba, sai ka koma ka tambaya.

Kalmar "imply" tana da amfani har a wajen hayar gida. A dokar Ingila akwai abin da ake kira "implied terms", wato sharuɗɗan da suke cikin yarjejeniya ko da ba a rubuta su ba. Sashe na 11 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ya ɗora wa mai gida gyaran ginin, da bututun ruwa da iskar gas da wayoyin lantarki, da na'urar ɗumama ɗaki da ruwan zafi, a hayar da ba ta kai shekara 7 ba. Idan na'urar ɗumama ta lalace cikin hunturu, mai gida ba zai fake da cewa takardar haya ba ta ambaci gyara ba; ka sanar da shi a rubuce, ka ajiye kwafin saƙon da kwanan watansa.