Darasi Na Huɗu: Koya Wa Ƙwaƙwalwar Na'ura Aiki Daga Littafi

A cikin injin wanki, da rimot ɗin talabijin, da mitar wutar lantarki, da injin motar zamani, akwai wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu da yawa wadda ita ke tsara abin da na'urar za ta yi da lokacin da za ta yi shi. Masu gyaran rediyo kan haɗa ta da 'yan'uwanta su kira su duka ayisi, amma wannan daban take, domin kwamfuta ce sukutum a dunƙule wuri guda. Tana da sashen lissafi, da ma'ajiyar bayani, da ƙafafun da take jin abin da ke waje da su, take kuma aika wuta ta cikinsu. Ma'abota sana'ar suna ce mata maikurokantirola, mu kuwa za mu riƙa kiranta ƙwaƙwalwar na'ura. Ba sabuwar aba ba ce: kamfanin Texas Instruments ya fitar da TMS1000 kasuwa a 1974, Intel kuma ya fito da 8051 a 1980, wadda har yau littattafai da dama da ita suke koyarwa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya wajaba ɗalibi ya duba tun kafin ya buɗe babin farko, wato ko ƙwaƙwalwar da littafinsa yake magana a kai ita ce wadda ke hannunsa. Wanda ya riƙe littafin 8051 ko na PIC alhali allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar da yake aiki da ita Arduino Uno ne, zai kwafi umarni daidai ba kuskure, ya ga babu abin da ya motsa, ya ɗauka shi ne ba ya ganewa. Haka kuma ƙarfin wutar ya bambanta. Uno da bolt 5 yake aiki, ESP32 da Raspberry Pi Pico kuwa da bolt 3.3, kuma idan aka bi zanen da aka yi domin Uno aka tura wa ƙafarsu bolt 5, ana iya lalata su. A wannan darasi Uno R3 za mu bi, allon da ya fito daga aikin Arduino da aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, wanda ke ɗauke da ƙwaƙwalwa mai suna ATmega328P.

Yana da kyau a san iyakar wannan ƙwaƙwalwa. Agogonta yana bugawa sau miliyan 16 a kowace daƙiƙa. Ma'ajiyar da ake zuba umarni a ciki kilobayit 32 ce, kuma ba ta gogewa ko an ɗauke wuta. Ma'ajiyar da take lissafin yanzu-yanzu a ciki kuwa kilobayit 2 ce kacal, wato bayit 2,048, wadda ba za ta ɗauki ko rabin baƙaƙen da ke cikin wannan darasi ba. Dalilin ke nan da ya sa marubutan irin waɗannan littattafai suke yawan jan kunne game da tattalin wuri, abin da mai rubuta wa babbar kwamfuta umarni bai cika damuwa da shi ba.

Aikin farko a kusan kowane littafi shi ne kunna ɗan ƙwan LED da kashe shi. Kada girman shekaru ya sa a raina shi. A tanadi allon Uno, da wayar USB, da allon gwaji mai ramuka, da jan ƙwai guda ɗaya, da rizisto mai om 220, wato abin da ke rage yawan wutar da ke wucewa, da gajerun wayoyi biyu. Ƙwan yana da ƙafa biyu, doguwa da gajera, kuma ta hanya ɗaya tak wuta take bi ta cikinsa. A haɗa ƙafa ta 13 ta allon da rizisto, rizisto da doguwar ƙafar ƙwan, gajerar kuma a kai ta ramin da aka rubuta wa GND. Idan aka juya ƙwan ba zai kama ba, sai a zare a gyara.

Rizisto ɗin nan shi ne abin da masu gaggawa suka fi tsallakewa, saboda haka bari mu yi lissafinsa da alƙalami. Ƙafar allon tana ba da bolt 5, jan ƙwai yana cin kusan bolt 2, saura 3. Idan aka raba 3 da 220 za a sami kusan 0.014 na amfa, wato miliamfa 14 na wutar da ke gudana, adadin da ke ƙasa da 20 ɗin da ake so kowace ƙafa ta tsaya a kai, kuma nesa da 40 ɗin da takardar bayanin kamfani ta ce kada a kuskura a wuce. Na taɓa ganin wani ɗalibi, dattijo mai natsuwa kuwa, ya cire rizisto ya jona ƙwan kai tsaye da ramin bolt 5 don ya ga haske sosai. Ƙwan ya yi wal sau ɗaya, ya ɗan yi ƙauri, bai sake kamawa ba.

Ga umarnin da za a rubuta a manhajar Arduino da ke kan kwamfuta:

void setup() {
  pinMode(13, OUTPUT);
}
void loop() {
  digitalWrite(13, HIGH);
  delay(1000);
  digitalWrite(13, LOW);
  delay(1000);
}

Wannan rubutu ya ginu ne a kan harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Amurka a farkon shekarun 1970, da ƙaninsa C++. Kashi na farko sau ɗaya ake aiwatar da shi idan wuta ta shigo, kuma a cikinsa ne aka shaida wa ƙwaƙwalwar cewa ƙafa ta 13 ta fitar da wuta ce. Kashi na biyu kuwa maimaita shi take yi ba tsayawa: ta kunna, ta jira, ta kashe, ta jira, ta koma farko. Lambar 1000 tana nufin daƙiƙa ɗaya, domin ana ƙirga jiran ne da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Shawarata ita ce ɗalibi ya buga waɗannan layuka da yatsunsa, baƙi bayan baƙi, ko da littafin ya zo da su a shirye cikin faifai ko a intanet. Tsakanin mai rubutu da ƙwaƙwalwar akwai wata manhaja mai aikin tafinta, wadda ke juya rubutun zuwa lambobin da na'ura take ji, kuma wannan tafinta ba ya yi wa kowa uzuri. Idan aka manta da waƙafi mai ruwa (;) a ƙarshen layi zai ƙi aiki, sau da yawa ma ya nuna layin da ke biye a matsayin mai laifi, don haka a riƙa duba na samansa. Idan aka rubuta digitalwrite da ƙaramin w a maimakon babba, zai ce bai san kalmar ba. Ga wanda bai daɗe da sabawa da boko ba, akwai ƙarin tarko biyu: sifili da babban O, sai lamba 1 da ƙaramin l, waɗanda a wasu bugun littattafai kamar tagwaye suke.

Da ƙwan ya fara ƙiftawa, kada a yi saurin juya shafi, domin a nan ne karatun yake. A ɗauki littafin rubutu, a sauya abu guda tak a cikin umarnin, a rubuta abin da ake zaton zai faru, sannan a tura wa allon a gani. A mai da 1000 ta koma 100, ƙiftawar za ta yi sauri. A mai da ita 5, sai a ga kamar ƙwan a kunne yake kawai, alhali yana mutuwa yana kamawa sau ɗari a daƙiƙa, ido ne ya kasa bin sa. Daga nan a mayar da 1000, a goge layin jira na ƙarshe. Yawancin ɗalibai kan rubuta cewa ƙiftawar za ta ƙara sauri, sai su tarar ƙwan ya tsaya a kunne. Dalili shi ne ƙwaƙwalwar tana kashe shi, amma nan take take komawa farko ta sake kunnawa, ba ta bar shi a mace ba sai na ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Wanda zatonsa ya saɓa wa abin da ya gani, ya tsaya har sai ya iya bayyana dalilin da bakinsa.

Can gaba littafin zai daina cewa ƙafa ta 13, ya koma cewa PB5, ya kawo sunaye irin su DDRB da PORTB. Kada wannan ya razana kowa, ƙafar dai ita ce, sai dai yanzu ana kiranta da sunan da kamfanin da ya ƙera ta ya ba ta, ana kuma taɓa maɓallanta na ciki kai tsaye. A lokacin ne za a buƙaci takardar bayanin ATmega328P, mai shafi ɗaruruwa, wadda ake amfani da ita kamar ƙamus, a nemi abin da ake so a rufe.

Kafin haɗuwa ta gaba, kowane ɗalibi ya sa ƙwansa ya yi gajerar ƙiftawa uku, sannan ya mutu na daƙiƙa biyu, ya sake. Ya zo da littafin rubutunsa ɗauke da zaton da ya yi da abin da ya gani, ya kuma taho da ɗan maɓallin dannawa guda ɗaya da ƙarin wayoyi biyu, domin za mu koya wa ƙafa ta 2 jin taɓawar yatsa.