Yadda Ake Kai Intanet Ɗakuna Ta Wayoyin Wutar Lantarki

Gidan da aka gina da bulo da kankare, musamman mai bene, yakan tare Wi-Fi ta kasa isa wasu ɗakuna. Maimakon a fasa bango don jan sabuwar waya, ana iya bin wayoyin wutar da ke cikin ginin, ta amfani da ƙananan na'urorin Powerline da kamfanoni irin su TP-Link da Devolo ke sayarwa bibbiyu.

Haɗin ba shi da wuya. A soka na'ura ta farko a soket ɗin da ke kusa da rawuta, a haɗa su da wayar Ethernet (wayar da ake jona intanet da ita), sannan a soka ta biyu a ɗakin da ake bukatar intanet. Dole ne su shiga soket ɗin bango kai tsaye, domin sitabilaiza da UPS (na'urar batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke) da ekstenshan mai kariyar hauhawar wuta suna tace saƙon intanet ɗin kamar datti ne, har gudun ya ragu ko ya yanke. A kuma kula wajen saye, domin na'urorin suna da tsari daban-daban, kuma na'urar tsarin HomePlug AV2 ba ta aiki da ta tsarin G.hn.

Inda mutane suka fi sakaci shi ne kulle haɗin don kada wani ya shiga. Na'urorin HomePlug AV suna ɓoye bayanai da tsarin AES mai bit 128, amma yawancinsu suna fitowa daga masana'anta da kalmar sirri guda, wato "HomePlugAV". Shi ya sa da an soka su suke aiki, mai gida ya ɗauka an gama. A gidan haya da ɗakuna da yawa ke shan wuta daga mita ɗaya, maƙwabcin da ya soka irin wannan na'ura a ɗakinsa zai iya faɗawa cikin haɗin intanet ɗinka ba tare da ya nufa ba, ya sha datarka, ya kuma ga firinta da kwamfutocin gidanka.

Maganin shi ne maɓallin da aka rubuta wa "Pair". A danna shi na daƙiƙa ɗaya a na'ura ta farko, a danna na ta biyun kafin minti 2 su cika, sai su ƙirƙiri sabon mabuɗi nasu su kaɗai. Ya fi sauƙi a yi wannan suna ɗaki ɗaya, ana kallon fitilarsu har ta daina ƙiftawa. Idan ta biyun tana watsa Wi-Fi, ita ma a sauya kalmar sirrinta.

Idan bayan haka gudun bai gamsar ba, a duba ko soket ɗin biyu suna kan layi ɗaya, tun da gidan da ke da layukan wuta 3 yakan raba ɗakuna a tsakaninsu. Haka nan idan ɗaya na kan inbata, ɗaya na kan wutar gari, ba lallai su ga juna ba. Cajar waya mai araha ma tana kawo hayaniya a layi, don haka a mayar da ita wani soket ɗin a sake gwadawa.